In fim kake son karantawa a jami'ar baƙar fata ta Amurka, ga yadda ake zaɓe

Duk watan Oktoba sai bidiyoyin nan su cika TikTok da Instagram, 'yan badujala sun jeru a filin ƙwallo ana kiɗa ana rawa, tsofaffin ɗalibai sun dawo da 'ya'yansu da jikokinsu, hayaƙin gashi ko'ina, ka rantse hawan sallah ake. Bikin dawowa gida kenan na jami'o'in baƙar fata, wanda suke cewa homecoming. To daga nan ne yaro mai son fim zai ce shi fa ya ga makarantarsa, can zai tafi. Ban ce kar ka je ba, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, bikin nan sati ɗaya ne a shekara, sauran watannin kuma aji ne da bashi da layin karɓar kyamara. Don haka bari mu bi abin daki-daki.

Da farko, mene ne ma HBCU ɗin

HBCU shi ne gajeren sunan jami'o'in baƙar fatan nan da Turanci. Dokar ilimi mai zurfi ta Amurka ta 1965 ce ta sa musu wannan suna, ma'ana makarantun da aka kafa kafin 1964 da nufin ilimantar da baƙaƙen fata, lokacin da jami'o'in Turawa musamman a kudu ba sa ɗaukarsu. Sun kai kimanin ɗari, yawancinsu a kudancin ƙasar. Ta fi kowacce tsufa ita ce Cheyney, 1837. Kuma ba baƙonmu ba ne wannan tsari, Azikiwe a Lincoln ya gama a 1930, Nkrumah ma can ya gama a 1939. Kowa suna ɗauka, fari da baƙi, ɗan ƙasa da baƙo.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ba iri ɗaya ba ne su. Akwai ta gwamnatin jiha akwai ta kuɗi, akwai mai ɗalibai sama da dubu goma akwai wadda ba ta kai dubu ɗaya ba, kuma waɗanda suke da kwas ɗin fim na gaske ba su da yawa.

Mataki na ɗaya: wane fim ɗin kake nufi?

Nan mutane suka fi yin kuskure. In makaranta ta rubuta tana koyar da fim, abu uku ne zai iya zama. Akwai nazarin fim, wato kallo da karatu da rubuta sharhi, tarihin silima, yadda aka riƙa nuna baƙar fata a allo, wannan ya dace da mai son zama malami ko marubuci ko mai shirya bukukuwan fina-finai. Akwai haɗa fim, kyamara da haske da sauti da tacewa, ka fita lokeshin ka sha rana. Sannan akwai na uku wanda shi ya fi yawa a waɗannan makarantu, digirin aikin jarida ko sadarwa ne aka ɗan saƙa masa darasin rediyo da talabijin da fim a ciki. Na ukun nan ba laifi ba ne, amma in darakta kake son zama sai ka tarar rabin shekarunka kana koyon karanta labarai ne.

Yadda za ka gane kuwa ba a shafin farko na makarantar ba ne inda ake sa hoton ɗalibai suna dariya a kan ciyawa. Nemi kundin kwasa-kwasai, kowace jami'a tana saka shi a intanet kyauta, ka buɗe sashen ka ƙirga da hannunka: darasi nawa ne ake taɓa kyamara, nawa ne na rubuta labari, a wace shekara ake fara ba ɗalibi kayan aiki, kuma a ƙarshe fim ake haɗawa kafin a ba ka digiri ko takarda ake rubutawa. Wannan ƙirgen na awa ɗaya ya fi duk bidiyon YouTube da za ka kalla.

Mataki na biyu: san makarantun da ake maganarsu

Howard, a Washington, an kafa ta 1867, ita ce ake fara ambata kuma da dalili. Fim yana ƙarƙashin makarantar sadarwa ta Cathy Hughes, suna da digiri na farko har da na biyu, MFA, suna kuma da tashar talabijin tasu WHUT da rediyo WHUR. Amma ni abin da ya fi burge ni a Howard mutum ɗaya ne, Haile Gerima, ɗan Habasha da ya fara koyarwa can tun 1975, wanda ya yi fim ɗin Sankofa a 1993. A hannun irinsu aka samu wata zuriya ta masu ɗaukar hoto da suka ƙware a abu ɗaya da Hollywood ta daɗe tana ɓatawa, wato haska baƙar fata a kyamara yadda za ta fito da kyanta ba ta zama toka-toka ko duhu kawai ba. Ernest Dickerson da Arthur Jafa da Malik Sayeed duk ta nan suka bi, haka Bradford Young wanda a 2017 ya zama Ba'amurke baƙar fata na farko da ya shiga takarar Oscar a ɗaukar hoto. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗinmu na gida da aka ɗauka da daddare fuskar jarumi ta ɓace sai haƙora ya san darajar wannan ilimi. Chadwick Boseman, jarumin Black Panther, ma a nan ya gama a 2000, kuma aikin darakta ya karanta, yanzu sunansa aka sa wa kwalejin fasaha ta jami'ar tun 2021. Af, kar ka razana in ka ji suna ce wa Howard "Makka", kirari ne kawai suke mata na cewa nan ce matattarar baƙar fata daga ko'ina, ni ma da na fara ji sai da na ɗan yamutsa fuska.

Sai Atlanta, inda makarantu uku suke manne da juna a unguwa ɗaya. Morehouse ta maza ce zalla, tana da kwas na silima da talabijin da sabbin kafafe. Spelman ta mata ce zalla, ƙarfinta a fim ɗin gaskiya ne, dokumentari. Clark Atlanta kuma haɗe take maza da mata, sashenta na kafafen watsa labarai tsoho ne kuma yana da ɓangaren rediyo da talabijin da fim. Daɗin abin shi ne ɗalibin ɗaya yana iya yin rajistar darasi a ɗayar, laburarensu ma ɗaya ne. Darakta Spike Lee haka ya yi, a Morehouse ya gama a 1979 amma darussan fim a Clark ya ɗauka. To ke ƙanwata in iyayenki suna ɗari-ɗari da zancen tura mace ƙasar waje, Spelman hujja ce mai kyau a gabansu, sai dai ki san shigarta da wuya, gasa ce sosai.

Atlanta tana da wani abin kuma, garin kansa wurin aikin fim ne, saboda jihar Jojiya tana yafe wa masu shirya fim haraji har kashi 30 cikin ɗari, shi ya jawo kamfanoni. Furodusa Tyler Perry ya buɗe katafaren sutudiyonsa a tsohon barikin soja na Fort McPherson a 2019, eka 330, ba nisa da makarantun. Aikin yana hawa yana sauka, shekarun baya-bayan nan wasu manyan fina-finai sun koma Ingila, amma har yanzu ɗalibin da ke Atlanta ya fi na ƙauyen Mississippi damar ganin yadda ake aiki a babban lokeshin.

Sauran a gurguje. Morgan State a Baltimore, ta gwamnati ce, tana da digiri na rubutun fim da katun, in alƙalami ne ƙarfinka ka leƙa ta da kyau. Dillard a New Orleans ƙarama ce kuma tana da digirin fim, garin ma ana yawan ɗaukar fim a cikinsa. Texas Southern a Houston tana da rediyo da talabijin da fim, ga 'yan Najeriya jingim a garin. Hampton a Virginia ta fi ƙarfi a aikin jarida, amma can Ruth Carter ta fito, wadda ta ci Oscar sau biyu a kan tsara suturar Black Panther.

Florida A&M na ajiye ta ƙarshe da gangan. Will Packer, ɗaya daga manyan furodusoshin baƙar fata a yau, injiniyan lantarki ya karanta a can, abokinsa Rob Hardy shi ma injiniya, suna ɗalibai suka haɗa fim ɗinsu na farko a 1994 da 'yan makarantarsu. Ba ajin fim ne ya yi su ba, jama'ar da suka samu ne. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mataki na uku: ba girin-girin ba, ta yi mai

Sunan tsohon ɗalibi ba zai ba ka kyamara ba. Spike Lee ya bar Morehouse sama da shekara arba'in, abin tambaya shi ne me ke cikin ɗakin kayan aiki yau. Rubuta wa shugaban sashen imel, gajere, da ladabi, adireshinsu yana shafin sashen kuma da yawansu suna amsawa. Tambaye shi kyamarori nawa ne da ɗalibai nawa ke rabonsu, ɗan aji ɗaya yana iya ara ko sai ya kai aji uku, kwana nawa ake barin kaya a hannunka, ɗakin tace hoto yana buɗe da daddare ko ƙarfe biyar ake kullewa, kuɗin fim ɗin ƙarshe wa yake biya. Sannan ka nemi a nuna maka fina-finan da ɗaliban bara suka yi, ka kalla, kar ka kalli hoton kawai ka saurari sautin, don makarantar da ba ta koyar da sauti da kyau a nan asirinta yake tonuwa.

Malaman ma ka bincike su, ka rubuta sunan kowanne a IMDb, shafin da ke jera ayyukan 'yan fim, ka ga yaushe rabonsa da aiki. Malamin da har yanzu yake fita lokeshin shi ne zai ce maka zo ka riƙe mini wannan ranar Asabar.

Kuma gaskiya ɗaya ce, makarantun nan ba su da kuɗin manyan jami'o'in fim irin su USC ko NYU, ba kuma lalaci ya jawo ba. A 2023 gwamnatin tarayya da kanta ta rubuta wa gwamnonin jihohi 16 cewa sun tauye wa jami'o'in baƙar fata na jihohinsu sama da dala biliyan 12 cikin shekara talatin. Kyaututtuka sun shigo, kamar dala miliyan 120 da shugaban Netflix Reed Hastings da matarsa suka raba wa Spelman da Morehouse da asusun UNCF mai tallafa wa ɗalibai baƙar fata a 2020, amma ramin da zurfi. Ka sa ran jinkiri a ofishin rajista da na kuɗi, ɗalibansu da kansu suna barkwanci da shi. Ko Howard da duk sunanta, a 2021 ɗalibai sun mamaye ginin Blackburn kwana 34 suna zanga-zanga kan lalacewar ɗakunan kwana.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: tabbatar makarantar tana da shaidar amincewa daga hukumar tantance jami'o'i. Morris Brown, maƙwabciyar su Morehouse, ta rasa tata a 2002 sai 2022 ta dawo da ita, wanda ya shiga a tsakanin nan ya sha wahala. Shafin College Navigator na gwamnati yana nuna wannan, yana kuma nuna kashi nawa ne na ɗalibai suke dawowa aji biyu da kashi nawa suke gamawa. In rabin 'yan aji ɗaya ba sa dawowa, akwai magana.

Mataki na huɗu: rayuwar makarantar, wadda ita ce rabin karatun

Yanzu mu dawo kan su Will Packer. Fim ba aikin mutum ɗaya ba ne, kana buƙatar mai kyamara, mai sauti, jarumai, mai kiɗa, mai ɗinki, da wanda zai ara maka mota ƙarfe huɗu na asuba, kuma duk waɗannan a tsakar makaranta ake samunsu, a wurin cin abinci, a ɗakin kwana. Shi ya sa ni ban ɗauki al'adar kamfus a matsayin shagali ba, nan ne kake tara ma'aikatanka na shekara ashirin masu zuwa. A Howard filin tsakiya da suke cewa Yard nan ake haɗuwa, a Spelman kasuwar ranar Juma'a, a Morehouse taron yammacin Laraba. North Carolina A&T, wadda ta fi duka yawan ɗalibai, har kirari take wa bikinta cewa babu kamarsa a duniya. A FAMU, wato Florida A&M, da Southern da Jackson State kuwa mutane da yawa badujalar suke zuwa kallo ba ƙwallon ba.

Za ka ga ƙungiyoyi masu haruffan Girka, kowacce da launinta da rawarta da kiranta, guda tara ne manya, biyar daga ciki a Howard aka kafa su. Mu da muka taso da labarin ƙungiyoyin asiri a jami'o'in Najeriya dole gabanmu ya faɗi, amma waɗannan a fili suke, da rajista, suna aikin taimakon al'umma, kuma hanyar samun aiki ce babba, Kamala Harris ma 'yar ɗaya ce daga cikinsu. Sai dai akwai mugunyar al'adar gallaza wa sabon shiga a ɓoye duk da an haramta, har rai an rasa, a 2011 wani jagoran badujalar FAMU ya mutu ta wannan hanya. Ba dole ba ne ka shiga, kuma duk wanda ya ce sai an dake ka za ka zama ɗan'uwa, ka kama gabanka.

Batun addini kuma kar ka ji kunyar tambaya. Da yawa daga makarantun nan coci ne ya kafa su, Spelman ma a ƙarƙashin ginin wani coci ta fara a 1881, za ka ji addu'ar Kirista da waƙoƙin coci a taruka, haka tarihinsu yake. Tambayi ko akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da ɗakin salla, da yadda ake yi da abinci a watan azumi tunda kuɗin cin abinci a haɗe ake biya kuma kantin yana iya rufewa kafin a sha ruwa. Washington da Atlanta da Baltimore da Houston duk akwai masallatai da naman halal, unguwar West End da ke jikin makarantun Atlanta ma tsohuwar unguwar Musulmi baƙar fata ce. Ƙaramin gari a Alabama kuwa wani labarin ne. Kuma a kula da abincin gargajiyarsu, ganyen nan da wake da suke dafawa masu kama da namu sau da yawa da naman alade ake haɗa su, tambayi mai zubawa kafin ka miƙa faranti.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, fatarku ɗaya amma tarihinku daban. Waɗannan jikokin bayi ne da suka gina makarantun nan da gumi lokacin da ake ƙona musu coci, kai kuma baƙo ne. Za a yi maka tambayoyin ban haushi kan Afirka, kai ma akwai abin da ka ɗauko daga fina-finai game da su wanda ba haka yake ba. Shiga da kunne kafin baki. Ga mai fim ma wannan riba ce, don labarin da kai kaɗai ka sani, na Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi, babu mai shi a ajin.

In da hali ka ziyarci makarantar, amma ranar Talata ta yau da kullum, ba satin biki ba. In babu hali, nemi ɗaliban sashen biyu ko uku a Instagram ko LinkedIn ka tambaye su me ya fi ba su haushi, kuma ka karanta jaridar ɗalibai, ta Howard sunanta The Hilltop, nan ake fasa ƙwai.

Mataki na biyar: kuɗi, inda yawancin mafarkin yake tsayawa

Howard da Morehouse da Spelman, in ka haɗa kuɗin karatu da ɗaki da abinci da inshora, shekara ɗaya tana haura dala dubu 50. Na gwamnati sun fi sauƙi sosai ko da a farashin wanda ba ɗan jiha ba. In kai ɗan ƙasa ne ko kana da katin zama, kamar yaranmu da aka haifa a Bronx ko Maryland, cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnati, da wuri, tallafin gwamnati na Pell yana kaiwa dala 7,395 a shekara, ga UNCF ga asusun Thurgood Marshall na makarantun gwamnati. In daga gida kake zuwa, FAFSA ba taka ba ce, yawancin sikolashif ɗin nan ma sai ɗan ƙasa, abin da ya rage maka shi ne tallafin ƙwazo na makarantar kanta, wanda ya dogara da sakamakonka da saurin neman ka. Ko an ce jarrabawar shiga jami'a ta SAT ba dole ba, in za ka iya ka rubuta, maki mai kyau yana jawo kuɗi. Kuma in an ba ka sikolashif ka tambaya na shekara ɗaya ne ko huɗu, da makin da za ka riƙe kar a ƙwace.

Kar ka manta fim kansa yana cin kuɗi, kwamfuta mai ƙarfi, ma'ajiyar bidiyo, abincin mutanen da suka taya ka aiki kyauta. Bizar ɗalibi awa 20 a sati kawai ta yarda ka yi aiki, a cikin makaranta, wannan kuɗin sabulu ne ba kuɗin makaranta ba. Bayan gamawa ana ba da izinin aiki na wata 12, ƙarin wata 24 da ake bayarwa kuwa na 'yan kimiyya da injiniya ne, fim yawanci ba ya ciki.

Mataki na shida: cike takardu

Kar ka nemi ɗaya tak. Zaɓi biyar ko shida, biyu masu wuya, biyu da kake ganin za ka samu, ɗaya ko biyu masu araha. Akwai Common Black College Application, dala 20 ka tura wa makarantu da dama a lokaci guda, su Howard da Spelman da Morehouse kuma ta wani shafin nema daban mai suna Common App ake binsu. Neman farko yana rufewa cikin Nuwamba, na gama-gari wajen Janairu zuwa Fabrairu, karatu ya fara a Agusta, wato shekara guda kafin tafiya ya kamata ka fara. Da yawa suna karɓar WAEC, wasu za su ce a tura sakamakon wa kamfanin tantancewa irin WES. Ɗan Najeriya da ɗan Gana sau da yawa ana yafe musu jarrabawar Turanci, wanda ya yi karatu da Faransanci kuwa sai ya rubuta.

A rubutun gabatar da kai kar ka ce tun kana yaro kake son fim, kowa haka yake cewa. Ba su labarin abu ɗaya da ka taɓa ɗauka, ko da wayarka ce, bikin yayarka ko mai shayin layinku, me ka gani ta cikin kyamarar da ba ka gani da ido ba. In sashen ya nemi samfurin aiki, minti uku mai sauti tsaf ya fi minti ashirin na hayaniya.

Sai biza, kuma wannan ka duba shi tun kafin ka kashe ko sisi, don a 2025 Amurka ta tsaurara wa ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan, dokokin kuma suna canjawa cikin 'yan watanni. Je shafin ofishin jakadanci da kanka ko ofishin EducationUSA, akwai a Abuja da Legas da Accra, shawararsu kyauta ce, ka bar ejan ɗin da zai ce ya san wani a ciki. In hanya a buɗe take, makarantar za ta aiko maka da I-20, takardar da ake neman bizar ɗalibi da ita, bayan ka nuna shaidar kuɗin shekara guda, ka biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje, da dala 185 na neman biza. In a rufe take ga ƙasarku a lokacin, rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka roƙi a ɗage maka gurbin zuwa zango na gaba ko baɗi, ka kuma tambaya a rubuce ko sikolashif ɗin zai jira ka, kafin 1 ga Mayu da yawancinsu suke son ka biya kuɗin kama wuri, don wannan kuɗin in ya shiga ba ya dawowa.